Amsar Baffa kan maganar dodon ruwa

Wa alaikumus salam ɗana. Saƙonka ya shigo, na karanta na yi dariya, da na kai ƙarshensa kuma sai jikina ya yi sanyi. Ka ce ka ga bidiyon wani tafki a Sikotilan da ake cewa akwai dodo a ciki, an yi ta bincike ba a ga komai ba, shi ne kake tambaya ko namu dodon ruwan ma haka yake, in kuma camfi ne me ya sa har yau Ummanku take hana jikokinta zuwa bakin ruwa da tsakar rana da kuma almuru. Dariyar da na yi ta cewa sai da ka zaga Turai ta waya ce sannan ka waiwayi na gida. Abin da ya sanyaya min jiki kuwa inda ka ce kai dai za ka daina gaya wa yaranka irin waɗannan maganganu.

Wannan tafkin Loch Ness sunansa, na san labarinsa tun ina koyarwa. Doguwar tsaga ce a tsakanin duwatsu kusa da garin Inverness, tsawonta wajen kilomita 37, zurfinta a wani wurin ya kai mita 230, ruwan kuma duhu gare shi kamar shayin da ba a sa wa madara ba saboda ruɓaɓɓen ciyayin da ke gangarowa ciki. To ruwan da ido ba ya ratsawa ai dole baki ya cika shi da labari. Mafi daɗewar abin da suke kafa hujja da shi labarin wani malamin Kirista ne ɗan ƙasar Ailan mai suna Columba, wai wajen shekara ta 565 ya daka wa wata dabba tsawa ta fasa kama wani mutum da ke iyo. Amma fa sai bayan sama da shekara ɗari aka rubuta labarin, kuma a kogin Ness aka ce abin ya faru ba a tafkin ba. Daga nan ba wata hayaniya sai 1933, lokacin da aka gama sabon titi a gefen ruwan, masu mota suka fara wucewa suna hangensa, wata jaridar garin ta buga cewa wasu miji da mata sun ga wani abu yana birgima a ruwa. Shi ke nan gari ya ɗauka. Jaridar Daily Mail ta Landan ta ɗauko wani maharbi, Marmaduke Wetherell, ya je ya dawo ya ce ya ga sawu, da aka kai samfurin sawun gidan adana kayan tarihi suka duba sai suka ce busasshiyar ƙafar dorina ce wani ya dinga dangwalawa a laka. Dorina fa, tamu ta Afirka. Sannan a 1934 aka buga hoton nan da na tabbata shi ka gani, mai dogon wuya da ɗan ƙaramin kai, aka ce wani likita ne ya ɗauka, duniya ta riƙe shi shekara 60, sai a 1994 asiri ya tonu cewa jirgin ƙarƙashin ruwa ne na wasan yara aka ɗora wa kai da wuya, kuma agolan maharbin nan ne ya haɗa shi don su rama wulaƙancin da jaridar ta yi wa mijin uwarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne ko da ya yi nisa.

Neman gaske ma an yi. A 1987 sun jera jiragen ruwa sama da ashirin da na'urar da ke aika sauti ƙasa ta dawo da amsa, suka share tafkin ba su fito da dodo ba. A 2018 wani farfesa daga Niyu Zilan, Neil Gemmell, ya ɗebi ruwa kwalba 250 daga wurare daban-daban aka tace ƙwayoyin halittar duk abin da ke rayuwa a ciki, ba a sami alamar wata dabba dangin kada ko ƙadangare ba, sai dai tulin wani dogon kifi mai siffar maciji. Ni ko ba na'ura ma lissafin bai ba ni ba. Dabba ɗaya ba za ta rayu daga zamanin Columba zuwa yau ba, sai da uwa da uba da 'ya'ya, to ina gawar waɗanda suka mutu, ina ƙashinsu? Wancan mai dogon wuyan dai ka cire shi daga ranka, babu shi. Abin da ya rage masu otal ne da masu jirgin yawon buɗe ido suke cin abinci da sunansa.

Amma abin da bidiyon naka watakila bai gaya maka ba, tun kafin jarida mutanen can suna da nasu tatsuniyar ta dokin ruwa, wai yana tsayawa a bakin gaɓa shiru shiru, yaro ya hau bayansa ya manne, ya zarce da shi ƙasa. Wannan shi ne ɗan'uwan namu. Na jarida an yi shi ne don ya jawo mutane bakin ruwa, na iyaye kuwa don ya kori yara daga can.

Kuma mu Kanawa ba yau muka fara jin tsoron ruwa ba. Jakarar nan da kuka taso kuka gani ta zama kwata, a tarihin Kano da aka rubuta Kurmin Baƙin Ruwa ake ce mata, duhuwar itatuwa ce kewaye da ruwa baƙi ƙirin, a zamanin Barbushe da tsafin Tsumburbura can a gindin Dala. An ce in masifa za ta sauko wa gari sai a ji ƙara a ga hayaƙi yana tashi daga tsakiyar ruwan, sai a yanka baƙin kare da baƙin bunsuru. Musulunci ya zo ya share wannan, alhamdu lillahi, a gefen wurin ma kasuwar Kurmi ta kafu zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Yankan ya tafi amma shakkar ruwa ta zauna a bakin tsofaffi.

Lokacin da muke yara, kafin yaƙin basasa, cikin birni ko ina kududdufi ne. Duk ƙasar da aka gina gidajenmu da ita daga nan aka haƙo ta, da rani magina suna ciki suna cuɗa ƙasa suna yin tubali, da damina kuma ruwan unguwa gaba ɗaya ya gangara ya cika ramin har ya shafe gefensa. Akwai ɗaya a bayan unguwarmu, kainuwa ta rufe rabinsa, can tsakiya kuma bado ne da fararen furanninsa. Mu ba furen ne ya dame mu ba, 'ya'yan badon muke so mu fasa mu ci. An hana mu, an yi ta hana mu, kakarmu Allah ya jiƙanta kullum maganarta ita ce mai ruwan yana fitowa shan iska in rana ta take, musamman ranar Juma'a.

To ranar wata Juma'a ce cikin marka, ba makarantar allo, maza duk sun tafi masallaci, mata suna cikin gida, layin nan ba kowa sai awaki. Muka sulale mu da wasu yara. A cikinmu akwai wani almajiri da ya girme mu, daga wani gari na bakin kogi aka kawo shi karatu, duk unguwar ba wanda ya kai shi iya ruwa, shi ne ma yake koya mana iyo a inda ruwan bai wuce ƙugu ba. Ya tuɓe 'yar taguwarsa ya naɗe ya ɗora a kan wani dutse, ya ɗora ƙoƙon baransa a kai don kar iska ta ɗauke, ya ce mu tsaya zai tsinko mana bado. Muna kallonsa ya raba kainuwar nan da ƙirjinsa har ya kai, ya tsinko ɗaya ya ɗaga mana muna ta ihu. Ya juyo zai dawo sai muka ga ya tsaya wuri ɗaya. Wallahi ɗana bai yi kururuwa ba, mutane suna zaton mai nutsewa ihu yake yi, a'a, kansa ne kawai ya ɗago sama bakinsa a buɗe, hannuwansa suna dukan ruwa a hankali, ya nutse ya ɓullo ya sake nutsewa, mu kuwa muna dariya don mun ɗauka wasan da ya saba yi mana ne. Sai da kainuwar ta dawo ta haɗe a kan wurin sannan wani ƙaraminmu ya fashe da kuka.

Muka ruga cikin unguwa ba namiji ko ɗaya. Mata suka fito wasu ko mayafi babu, suna salati a bakin ruwa, ba wadda ta iya shiga. Sai bayan an sauko daga masallaci aka aika aka kirawo wani tsoho masunci da ya san kurme. Har yanzu ina ganin mutumin nan. Bai yi gaggawa ba ko kaɗan, ya tsuguna a bakin ruwan ya daɗe yana karanta abin da yake karantawa, ya ɗebi ruwan ya shafa a fuska da ƙirji, aka ɗaura masa igiya a ƙugu maza suka riƙe, ya rungumi ƙaton goransa ya tafi har wurin da muka nuna masa. Ya yi nutso ya fito hannu wofi, ya huta a kan goran, ya koma, can sai muka ga igiyar ta girgiza aka fara ja. Da aka fito da yaron ƙafafunsa duk baƙar laka ce har gwiwa, jijiyoyin bado sun naɗe masa idon sawu ɗaya, badon da ya tsinko mana kuma yana damƙe a hannunsa. Malaminsu ya zo ya cire rawaninsa ya rufe shi da shi. Kafin la'asar sakaliya an kai shi.

Mata suka ce mai ruwa ne ya karɓi rabonsa na shekara. Ni kuwa ina maƙale a bayan mahaifinmu, kakanka, na ji da kunnena abin da masuncin ya gaya masa. Ya ce wurin nan rami ne a cikin rami, magina sun bi jar ƙasa mai kyau sun haƙa ta a tsaye, kana tafiya ruwa iya ƙirji taku ɗaya sai ka ji ba ƙasa, ruwan can ƙasa kuma sanyi gare shi da ke ɗaure jijiyar ƙafa, ga laka ga saiwa. Amma shi ɗin dai da ya faɗi haka ya ƙara da cewa in ba don rai ba ko nawa za a ba shi ba zai shiga ruwan nan a irin wannan lokacin ba. Ka ji fa, mutum ɗaya, magana biyu.

Da daddare na kasa cin tuwo, na je ɗakin kaka na ce mata ai na ji an ce rami ne ba dodo ba. Ba ta ƙaryata ni ba. Ta ce in ka ce wa yaro rami ne sai ya ɗauki kara ya je aunawa, in ka ce masa dodo ne sai ya canza hanya. Ta ce ka duba lokutan da muke hana ku, rana tsaka da almuru da Juma'a, yaushe ne a cikinsu akwai babba a waje da zai ji kukanku? Mahaifinmu kuma nasa kullum shi ne gwanin ruwa shi ruwa yake ci, wanda bai iya ba ai ba ya nisa da gaɓa.

Kar kuma ka ɗauka ina ce maka ba komai a ɓoye. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya faɗa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a tsare yara a gida in duhun magariba ya kawo kai. Wannan ba camfi ba ne, kuma ba na'urar da za ta auna shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce za a yi wa ruwa yanka ko a jefa masa wani abu don ya bar mutane, wannan komawa zamanin Barbushe ne.

Ku dai 'yan yanzu abin da ke ba ni tsoro da ku, kuna saurin jefar da abu kafin ku sami madadinsa. In ka cire wa yaro tsoron dodo me ka sa masa a gurbin? Ka koya masa iyo? Kai kanka ka iya? Kududdufan ma an cike yawancinsu da shara an yanka filaye an yi gini, shi ya sa ruwan sama kaɗan sai ka ga ya shiga ɗakunan mutane don ba shi da wurin zuwa, waɗanda suka rage kuma da ramukan masu haƙar ƙasa a bayan gari duk damina sai ka ji a rediyo an ciro yaro. Ga samari da sallah a cika mota a tafi Tiga, dam ɗin da aka gina zamanin Audu Baƙo, kowa na son ya shiga ruwa a ɗauke shi hoto, ba wanda ya san inda ƙasa ta yanke. Ka tuna kwalekwalen Bagwai a 2021, yawancinsu yara 'yan Islamiyya ne za su Mauludi, lodi ne ya yi yawa. Allah ya jiƙansu.

Ni ban ce ka yi wa 'ya'yanka ƙarya ba. Babban naka ya yi hankalin da za ka zaunar da shi ka gaya masa maganar rami da laka da sanyin ruwa, ka ba shi labarin almajirin nan ma in ka ga dama. Amma ƙananan, in Ummanku ta ce musu akwai dodo a ruwa kar na ji ka tsoma baki a gabansu kana cewa an yi bincike. Ka bar ta da jikokinta. Ranar Juma'a in an sauko ka biyo da su gida, zan sa a kai mu mu ga inda kududdufin nan yake a da, yanzu shaguna ne a wurin. Ka gaida mai ɗakinka.