Ba rashin bulala ba ne, Malam

Malam, ka tambaya ko rage bulala ne ya lalata tarbiyya a makarantun gwamnati. Ina koyarwa a nan Gombe, kuma ban yarda ba. A da, abin da yaro yake shakka shi ne in ya kai ƙara gida, mahaifinsa zai goyi bayan malami. Yanzu sai ka hukunta ɗalibi da safe, kafin azahar wani ɗan siyasa ya bugo wa shugaban makaranta waya, wani lokaci ma a bi ka da takardar canjin wurin aiki. Yaran suna kallo, sun san wa ke da uwa a gindin murhu. Wallahi wannan yana ci min rai.

Ga cunkoso kuma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole. Madalla da haka, amma malamin da ajinsa ya cika maƙil, wasu zaune a ƙasa, yaushe zai san halin kowane yaro?

In ɗanka yana can, shiga kwamitin kula da makaranta na unguwarku. Inda iyaye da mai unguwa da liman suke leƙowa, makara da fashi suna raguwa.