Mantuwar Mahaifiyata: Gigin Tsufa Ne Ko Ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata ta haura shekara 70, kuma kwanan nan takan yi sallar Azahar ta sake maimaitawa, har ta taɓa fita ta kasa gane hanyar gida. Wasu dangi sun ce gigin tsufa ne, wasu kuma sun ce sammu ne. Mene ne mafita?
Daga wata 'yar'uwa a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Manta inda aka ajiye carbi ba abin damuwa ba ne, amma ɓacewa a unguwar da mutum ya tsufa a cikinta alama ce ta ciwon mantuwa, wanda lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke haddasawa, ba sammu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi a duniya sun haura miliyan 55, kuma wata cutar ƙwaƙwalwa mai suna Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari.

Ku kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, domin ƙarancin sinadarin bitamin B12 da ciwon damuwa suna kawo irin wannan ruɗewa, kuma suna da magani. A duba hawan jini da ciwon suga da ƙarfin jinta, domin sakaci da su yana ƙara haɗarin.

A gida kuwa, kada ku yi musu da ita idan ta maimaita tambaya, kada kuma ku kulle ta a ɗaki, domin kaɗaici yana tsananta ciwon. Ku sanya lambar wayarku a jikin hijabinta, ku raba jinyar a tsakaninku.