Tambaya da Amsa: Tabo a Ganyen Tumatir

Tambaya: Malam, tumatirin da na shuka a tsakar gidana a Maradi yana fitar da tabo ruwan ƙasa, zobe cikin zobe, a ganyen ƙasa, sannan ganyen ya bushe. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, wannan cutar funfuna ce mai son laima, shi ya sa take tsananta da damina. Ki tsinke ganyen da ya kamu ki ƙone, ki riƙa ban ruwa da safe a gindin shuka kawai, domin ruwan da ke fantsama daga ƙasa shi ke kai cutar ga ganye. Idan ta ƙi lafawa, a fesa maganin funfuna mai suna mankozeb bisa umarnin da ke jikin ledarsa. Baɗi kada ki shuka tumatir ko gauta a wurin.