Tambayi Likita: Kumburin Ƙafa, Jiri, da Batun Farin Wata

Wata mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ƙasar Gana, ta ce kullum yamma ƙafafunta sai sun kumbura, jijiyoyi sun yi ruɗu-ruɗu.

Hajiya, tsayuwar ce. Ƙarfin jan ƙasa, wanda ke sa mangwaro ya faɗo daga bishiya, shi ke tara jini a ƙafa in an wuni a tsaye. Ki riƙa ɗan zagayawa, da dare ki ɗora ƙafa kan filo. Amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, ko numfashi na yi miki wuya, ki je asibiti ranar. Kada ki yarda a tsaga miki.

Wani dattijo daga unguwar Asawase a Kumasi yana ganin jiri da duhu-duhu in ya miƙe sallar asuba.

Baba, jini ne ke sauka ƙasa kafin zuciya ta turo shi kai. Ka zauna bakin gado tukuna, sannan ka miƙe a hankali. In kana shan maganin hawan jini, a duba maka shi, kada ka daina da kanka.

Sai wasiƙar da ta hana ni barci. Wata uwa daga unguwar Aboabo ta ce ɗanta saurayi yana rikicewa, yana magana shi kaɗai. An gaya mata wata ne ke jan ruwan kansa kamar yadda yake jan teku, don haka duk daren sha huɗu suna ɗaure shi da sarƙa, suna masa hayaƙin barkono.

Mama, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Na san ƙauna ce ta kai ki nan, amma ki kwance sarƙar nan yau.

Gaskiya ne wata yana jan teku. Duk wanda ya zauna bakin ruwa a Jamestown da ke Accra ya ga yadda yake cika yana janyewa, kuma Isaac Newton ya bayyana dalilin tun 1687. Sai dai teku faɗinsa dubban kilomita ne, shi ya sa jan ke bambanta daga wannan gefe zuwa wancan har ruwa ya motsa. Kan ɗan Adam fa? Ko randar da ke tsakar gidanki ba ta tumbatsa don wata ya cika. Watan nan yana nesa da mu kusan kilomita 384,000, kuma yana nan ko ya haska ko bai haska ba. Teku ma yana cika sosai a ƙarshen wata, lokacin da sama ta yi duhu, amma ba wanda ke ɗaure ɗansa a ranar.

Abin da na fi gani yana tayar da irin wannan ciwo shi ne rashin barci, da yanke magani, da wiwi ko tiramol. Yaron da ya san an kusa ɗaure shi, ina zai ga barci? Na sha wanke gyambon sarƙa a idon sawun samari, wani har ƙashi ya bayyana. Hayaƙin barkono kuwa, wallahi raina ɓaci yake in na ji shi. Ba ya korar komai, huhu yake ƙonawa, mai asma ma yana iya mutuwa a ɗakin.

Ciwon ƙwaƙwalwa iri-iri ne, kuma yana da magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Gana ta 2012 ta kare haƙƙin ɗanki kamar na kowane majiyyaci. Ki kai shi sashen masu taɓin hankali a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, ki tafi da duk abin da yake sha. Addu'a ki ci gaba da yi, ba ta hana magani. In ya ce zai kashe kansa, ko ya daina ci da sha, ko ya faɗi yana jijjiga, kada ki jira wayewar gari, ki kira lambar gaggawa 112 ko ki nemi mota nan take.