Kafin ka sayi famfon sola, auna rijiyarka a watan Mayu

Wani mai lambu daga wajen Mirriya ya rubuto: "Bara an yi damina mai kyau, rijiyata ta cika. Ina da kadada kwata, ina so in sayi famfon sola babba. Mai kanti ya ce in ɗauki mafi ƙarfi. Me kuka gani?"

Malam, dakata tukuna. Ruwan da ka gani a rijiya bayan kaka ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin rijiya shi ne ƙarshen bazara, Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da ruwan ƙasa ya kai iyakar saukarsa, shuka kuma tana tsananin ƙishi. Ga abin da za ka yi. Da asuba, kafin kowa ya jefa guga, ka saka igiya mai alama ka auna daga baki zuwa kan ruwa. Ka ari inji ka ja ruwa awa huɗu zuwa shida, kana ƙirga duro mai lita 200 nawa ake cikawa a awa. Sannan ka kashe inji, ka duba awa nawa ruwan zai ɗauka kafin ya koma inda yake. In ya kwana bai koma ba, idon rijiyar ƙarami ne.

Lissafin kuma ga shi. Kayan lambu a zafin bazara suna shan kusan milimita 6 zuwa 8 a yini. A kadada kwata, duro 75 zuwa 100 ke nan. Rana mai ƙarfi da ke juya famfo sosai ba ta wuce awa shida, saboda haka kana buƙatar duro 13 zuwa 17 a awa. In rijiyarka duro biyar take bayarwa a awa, babban famfo zai tsotse ta cikin ɗan lokaci, ya shiga jan iska da yashi, ya ƙone. Ka zaɓi wanda ba ya jan fiye da kashi biyu cikin uku na abin da rijiyar ke bayarwa, mai na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa, kuma kada a zaunar da shi a gindin rijiya. Sauran kuɗin ka gina kwamin tara ruwa. In lissafi bai fita ba, rage fangali ya fi sayen famfo sau biyu.

Wata Hajiya daga birnin Damagaram ta tambaya: "Maƙwabcina ya haƙa foraj (rijiyar burtsatse) ya samu ruwa. In na haƙa a filina, nima zan samu?"

Hajiya, babu tabbas, ko da katanga ɗaya ce tsakaninku. Birnin nan a kan dutse yake zaune, duwatsun da kike gani a Birni somin-taɓi ne na abin da ke ƙasa. Ruwa a irin wannan wuri yana cikin tsagar dutse ne da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. Shi ya sa ake jawo wa garin ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. A sa masu awon ƙasa da na'ura su duba filin kafin motar haƙa ta shigo, a rubuta a takarda wa zai ɗauki asara in rami ya fito busasshe, kuma kada ki biya cikon kuɗi sai an gwada jan ruwa a gabanki. Ƙarin zurfi cikin lafiyayyen dutse ba ya kawo ruwa, kuɗi kawai yake ci. A kudu, wajen Matamaye da Magariya inda ƙoramu suke cikin yashi, labarin daban ne, ruwa na kusa.

Wani malamin makaranta daga Tanut ya ce: "An ce akwai gwajin da ke nuna shekarun ruwa. Ya kamata ƙungiyarmu ta biya a yi wa foraj ɗinmu?"

Gwajin gaskiya ne, malam, aizotof ake ce masa. Ƙwayoyin ruwa ba nauyinsu ɗaya ba, wasu suna ɗauke da iskar oksijin ko haidurojin mai ɗan nauyi. In rana ta ƙona ruwan tabki, marar nauyin ne ke fara tashi, mai nauyin ya saura, don haka masana ke gane ruwan da ya daɗe a fili kafin ya nutse. Ruwan sama mai yawa irin na Agusta ya fi yayyafin farkon damina ƙarancin mai nauyi, kuma ruwan ƙasa a Sahel da shi ya fi kama. Ma'ana, manyan ruwaye da ke cika tabkuna da ƙoramu su ne ke ciyar da rijiyoyi. Yayyafi kuwa rana da saiwa ne ke shanye shi, a ƙasar da ke samun kusan milimita 400 a shekara, rana kuma na iya ƙone fiye da 2000. Damina biyu na iya zuwa da jimilla ɗaya, ɗaya ta cika rijiya ɗaya ta bar ta.

Shekaru kuma da tiritiyom ake ganewa, wani nau'in haidurojin da ke cikin ruwa, wanda rabinsa ke ɓacewa duk shekara 12 da 'yan watanni. Gwajin bama-baman nukiliya ya watsa shi a sama har ya kai ƙololuwa a 1963. Ruwan da babu shi a ciki ya riga wancan zamani nutsewa. Ruwa mai zurfi na arewa, irin na Damargu, da yawansa ya taru ne dubban shekaru da suka wuce, lokacin da ƙasar ke da dausayi. Bai damu da farin 1973 ko na 1984 ba, amma abin da aka ja daga cikinsa daminar bana ba ta mayar da shi.

Duk da haka, kada ƙungiya ta zuba kuɗinta nan, aikin masu bincike ne. Ku kai ruwan a gwada ƙwayoyin cuta da gishiri da naitiret da fuloraid, wanda yawansa ya nakasa ƙasusuwan yara a Tibiri ta jihar Maraɗi. Sannan ku sayi kwantar ƙirga ruwa da littafi, a riƙa rubuta zurfin ruwan ranar ɗaya ga kowane wata.