Ƙanwar mijina ta ce ɗana yana da galahanga a gaban 'yan suna

Assalamu alaikum Gwaggo. Yau mako uku ke nan rabona da barcin kirki saboda abin da ƙanwar mijina ta yi mini a gidan suna. Muna zaune a ɗakin mai jego, mata sun cika har bakin ƙofa, sai ta kira yarona sau uku bai waiwayo ba, yana can yana juya murfin kwano a ƙasa kamar yadda ya saba. Buɗar bakinta sai ta ce wai ya kamata a kai yaron nan asibiti a duba shi, domin tana zargin yana da lalurar galahanga. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya zuba wa ɗana ido, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gwaggo, ko da gaskiya ta faɗa, a nan ya kamata ta faɗa? Yarinyar da na tarar tana sakandare lokacin da aka kawo ni gidan, don kawai ta yi makarantar koyon aikin jinya, shi ke nan ta zama likitar da za ta yanke wa ɗana hukunci a gaban dangin miji? Yarona lafiyarsa ƙalau, yana ci, yana gudu, yana hawa kujera, kuma wayo gare shi, domin idan yana son abu hannuna yake kamawa ya ja ni ya ɗora a kai. Surukata da kanta ta ce miskilanci ne na gado, babansa ma sai da ya shekara uku kafin bakinsa ya buɗe. Da can yana cewa Mama da ruwa da wasu 'yan kalmomi, tun da aka kai shi yaye wajen kakarsa wata uku da suka wuce ya daina, kuma kowa ya san fushin yaye ne. Maganar kira kuwa, ɗan fari ne, ni dama ba na faɗin sunansa.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne, maimakon ta zo ta ba ni haƙuri, sai ta turo wa yayanta wasu tambayoyi ashirin ta WhatsApp, wai in amsa da e ko a'a. Shi kuma maigidan, maimakon ya tsawata mata, sai ya ce in daure in amsa. Na ce ba zan amsa ba, ɗana ba abin gwaji ba ne. Yanzu duk inda na shiga a dangi gani nake ana kallon yaron ana ƙus-ƙus, har wata ta kawo mini rubutu wai ko shafar aljanu ce, kuma duk ita ta jawo mini. A gaban mutane fa, Gwaggo, a gidan suna. Na yanke shawarar ba zan sake taka gidansu ba sai ta zo har ɗakina ta nemi gafara. Shin na yi laifi?

Mahaifiyar yaro, daga Zariya

*

Wa alaikumus salam 'yata. Ba al'adata ba ce in shiga tsakanin mace da dangin mijinta in ce wance ce mai gaskiya, kuma na yarda cewa ɗakin mai jego ba wurin irin wannan magana ba ne. Ƙanwar mijinki ta yi wauta wajen zaɓen wuri, ya kamata ta ja ki gefe. Wannan ke nan, kuma na gama da shi.

Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarki jimla ɗaya ce da kika wuce ta kamar ba komai ba: yaron yana cewa Mama da ruwa, sannan ya daina. Fushin yaye gaskiya ne, yaro yakan yi kwanaki yana ƙin abinci yana ƙin uwarsa, amma wata uku cur babu kalmar da ta dawo ya wuce fushi. A wajen likitocin yara, yaron da ya fara magana sannan ya rasa ta yana buƙatar a duba shi ba tare da jira ba, ko mene ne dalilin. Jan hannun da kike yabo a matsayin wayo shi ma yana cikin abubuwan da suke tambaya, domin yaron da ya kai wata 18 ana sa ran ya nuna abu da yatsa, ya kuma juyo ya kalli fuskar uwarsa don ya ga ko ita ma ta gani. Kunyar ɗan fari kuwa taki ce ke kaɗai. Babansa yana kiran sunansa, kakarsa tana kira, gwaggonsa ta kira sau uku a gabanki.

Ba ki faɗa mini watanninsa ba, ba ki kuma ce ko an taɓa auna jinsa ba. Daga maganar yayen ina kyautata zaton yana dab da shekara biyu, wato yana daidai lokacin da aka tsara waɗannan tambayoyi dominsa. Idan ban yi kuskuren gane su ba, gwajin da ake kira M-CHAT ne, wanda Diana Robins da abokan aikinta suka tsara a Amurka domin yara 'yan wata 16 zuwa 30. Babu allura a cikinsa, babu ɗibar jini, uwa ce take amsawa cikin 'yan mintuna daga abin da ta sani game da ɗanta: idan kin nuna masa abu daga nesa yana kallon wurin, yana wasan kwaikwayo kamar ya kara abu a kunne wai waya ce, yana sha'awar sauran yara, yana kawo miki abu don kawai ki gani, yana amsa sunansa. Kowace amsa mai nuna alamar damuwa maki ɗaya ce. Maki 0 zuwa 2 yana nufin babu abin damuwa sosai, 3 zuwa 7 sai ma'aikacin lafiya ya zauna da uwa ya bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya, 8 zuwa sama kuma a wuce kai tsaye wajen ƙwararre. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a yi wa kowane yaro irin wannan tantancewa a wata 18 da kuma wata 24, mai alama da marar alama, don haka babu cin mutunci a ciki.

Ki kuma fahimci cewa takardar ba ta yanke hukunci, rariya ce kawai mai ware yaran da ya kamata a ƙara dubawa. A binciken da masu gwajin suka wallafa a 2014, kusan rabin yaran da ya ware bayan zagaye na biyu, wato zaman bin amsoshi da ma'aikacin lafiya, ne aka tabbatar suna da lalurar otizim da gwajin yake nema, yawancin sauran kuma an same su da wani jinkirin na daban da shi ma yake buƙatar kulawa. Shi ya sa nake son a fara da kunne. A ƙasarmu sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunnen da aka bari ya daɗe yana ruwa suna taɓa jin yara, kuma yaron da ba ya ji da kyau ba zai waiwayo ba, bakinsa ma zai yi nauyi.

Na san abin da ya firgita ki, kalmar ce. A bakin mutanenmu galahanga ta zama buhun da ake zuba kowace irin lalurar ƙwaƙwalwa a ciki, da an ambace ta sai uwa ta hango yaron da ba ya iya zama ko tafiya. Wadda likitoci suke kira otizim daban take, kuma mataki-mataki ce. Akwai mai ita da yake karatu har jami'a, akwai kuma wanda zai buƙaci mai kula da shi tsawon rayuwa, kuma ta fi yawa ga 'ya'ya maza. Gudu da hawa kujera ba sa kore ta, domin a wajen mu'amala da magana take bayyana.

Bari in juyo gare ku, iyaye da kakanni masu karanta wannan shafi. Maganar nan ta babansa ma haka ya yi ta cinye wa yara da yawa shekarun da suka fi kowane lokaci amfani. Ƙwararren likita yana iya gane lalurar tun yaro yana da shekara biyu, amma mu sai mu zauna muna jiran baki ya buɗe har a kai yaro makarantar allo ko firamare, malam ya koro shi, sannan a fara yawon neman magani. Kuma idan da gaske uban ya yi jinkirin magana, wannan dalili ne na a duba ɗan, tunda gado yana da hannu a lamarin. Ba rigakafi ke kawo ta ba. Rahoton 1998 da ya haddasa wannan jita-jita a Ingila, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Ba kuma sakacin uwa ba ne. Ku yi addu'a, ku yi tofi, amma ku yi a hanyar asibiti, kuma duk wanda ya ce yana da maganin da zai warkar da ita cikin kwana bakwai kuɗinku yake so. Abin da yake taimako shi ne horo kan magana da mu'amala, wanda ake koya wa uwa ta ci gaba da shi a gida, kuma yana fin tasiri idan an fara da wuri.

Game da tambayarki, 'yata, ba zan ce kin yi laifi don kin ji zafi ba, amma ɗakin nan cike yake da matan da suka lura da yaron suka yi shiru, ita kaɗai ce ta yi magana ta kuma bi ta da abin da zai amfane ku. Ki karɓi wayar maigidan yau da dare ku amsa tambayoyin tare, ki amsa da abin da yaron yake yi kullum, ba abin da ya taɓa yi sau ɗaya ba. Ko nawa makin ya kama, kalmomin da suka ɓace sun isa dalilin ganin likita. Kuna Zariya, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen yara, ku nemi a auna jinsa a kuma duba girmansa. Ki ɗauki gajeren bidiyo a waya lokacin da babansa yake kiransa daga baya, da lokacin da yake juya murfin kwanon, ki rubuta kalmomin da yake faɗa a da da watan da ya daina. Ranar zuwa kuma ki tafi da ƙanwar mijin naki, ta fi ki sanin inda ake yankar kati.