Bayan Jin Ra'ayin Jama'a, Wane Gyara Ake Yi wa Tsarin Filaye?

Ɗan'uwa, ka ce kun halarci taron jin ra'ayi, kun miƙa ƙorafi a rubuce, amma sabon daftarin tsarin filaye na ƙaramar hukuma ya fito kamar ba a taɓa shi ba, kana tambaya ko an yi watsi da ku ne.

Kada ka yanke hukunci tukuna. Nemi rahoton da ya tattara ra'ayoyin jama'a. Yawanci a nan ake bayyana abin da aka karɓa, da wanda aka ƙi, da dalili. Sannan ka shimfiɗa tsohuwar taswira kusa da sabuwa, ka bi unguwarku layi-layi. Gyaran yakan ɓuya a ƙananan wurare: filin da aka shafa wa launin gidaje ya koma na makaranta, ko an ja iyakar gini baya daga bakin rafi, ko an rage hawan bene.

Abin da ke damuna shi ne mutane na ɗauka yawan sa hannu ke sauya tsari. Hujja ce ke sauya shi. Takarda ɗaya mai hoton inda ruwa ke kwanciya, da bayanin cewa magudanar ba za ta ɗauki ƙarin gidaje ba, ta fi tulin "ba mu yarda ba" nauyi a wajen jami'an tsara gari.

Idan gyaran babba ne, a wurare da yawa sai an sake buɗe ƙofar jin ra'ayi kafin majalisa ta amince. Ka bincika wa'adin yanzu, domin da zarar an zartar, da wannan tsarin za a riƙa auna izinin gini shekara da shekaru.